Babi na Uku: Gawayi Kafin Fenti

Duk wanda ya taɓa shiga Kantin Kwari neman farar shadda ya san abin da mai shago yake yi kafin a kai ga maganar kuɗi. Zai warware bakin yadin, ya fito da shi ƙofar shago inda haske ya fi, ya ɗan karkata shi hagu da dama. Nan take furannin jikin shaddar su tashi, su kwanta, su sake tashi. Zaren duk fari ne, babu ɗigon rini ko ɗaya. Yanayin saƙar ne ya sa a wani wurin zaren tsaye yake sama, a wani wurin kuma na kwance, don haka kowane ɓangare yake maido da haske ta tasa fuskar. Da wannan ɗan bambanci na haske da duhu ake rarrabe Getzner ta ƙasar Ostiriya da 'yar Sin, kuma a kansa mutum yake ƙara dubban nairori ba tare da an yi masa dole ba. Telolin Fagge ma sun san da haka. Idan aka kawo musu farar shadda aka ce a yi mata farin aiki, sai sun nemo zaren da ƙyallinsa ya ɗara na yadin ko ya gaza shi, in ba haka ba aikin ya nutse, mai riga ya ce ba a yi masa komai ba.

Ke nan yaron da ya tashi tsakanin Fagge da Sabon Gari ba baƙo ba ne a wannan ilimi. Idonsa ya sha gani, ba a dai taɓa tsayar da shi an ce ya lura ba. Ranar da ya shigo ajin zane, ko a ƙaramar sakandare inda ake koyar da al'adu da fasahar ƙirƙira, ko a shekarar farko ta kwalejin ilimi ko ta fasaha, tambayarsa ɗaya ce: "Malam, yaushe za mu fara fenti?" Amsata ba ta canzawa: sai mun gama da gawayi. Mai gaggawar launi kamar uwargida ce da ta ɗauko man shanu tun ba ta tuƙa tuwo ba. A babin da ya gabata mun yi maganar layi. A nan za mu ɗauki matakan haske da duhu, da kuma tsarin zane, wato inda kowane abu zai zauna a takarda. Littattafai da yawa suna raba su babi biyu. Ni na haɗa su ne domin a cikin aji ban taɓa ganin sun rabu ba.

Abokin gabar mai koyon zane na farko shi ne saninsa. Ka ajiye farar hula a can cikin zaure, ka ajiye baƙin takalmi a tsakiyar rana, ka tambayi aji wanne ya fi haske. Baki ɗaya za su ce hula. Alhali hasken da yake tasowa daga takalmin zuwa ido ya ninka na hular sau da yawa, saboda ranar Kano ta ninka hasken zaure sau ɗaruruwa. Ƙwaƙwalwa ce take yin gyara ba tare da ta yi shawara da mai ita ba: ta san hula fara ce, sai ta nuna masa fara ko ina aka kai ta. Wannan rahama ce daga Ubangiji, da ita muke gane kayanmu safe da yamma. Amma mai zane dole ya koyi dakatar da ita na ɗan lokaci. Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira shekara dubu da suka wuce, ya tabbatar a Kitabul Manazir cewa haske ne yake tasowa daga abubuwa ya shiga ido, ya kuma ware sashe guda a kan kurakuran gani, inda ya nuna cewa hankali yana sa hannu a duk abin da ido ya kawo. A 1995 wani masanin gani a Amurka, Edward Adelson, ya fitar da hoton wani allon dara mai gidaje farare da baƙaƙe, inuwa ta faɗo a kan wani sashensa. Gida biyu a ciki launinsu ɗaya ne sak, amma babu idon da yake yarda. Idan na nuna wa ɗalibai a waya, har rantsuwa suke yi. Sai na ɗauko kwali mai huda biyu na rufe hoton, gidajen biyu kawai suka rage a buɗe, aji ya yi tsit.

Wannan kwalin shi ne kayan aikinmu na farko, kuma ba a sayensa. Kowa ya yanko gefen kwalin sabulu ko na sukari, ya huda shi wuri biyu da ƙusa. Idan ya rasa gane ko bangon nan ya fi ƙofar can duhu, ya ɗaga kwalin ya daidaita huda ɗaya a kan bango, ɗaya a kan ƙofa. Da zarar an raba abu da maƙwabtansa, ƙwaƙwalwa ta rasa abin da za ta yi gyara da shi. Dabara ta biyu ko kwali ba ta buƙata: a ɗan runtse ido har gashin ido ya kusa haɗuwa. Ƙananan abubuwa su ɓace, launi ya dushe, a bar mutum da manyan gungu na haske da na duhu.

Daga nan sai tsani. Albert Munsell, malamin zane a birnin Boston, ya fitar da tsarinsa na auna launi a 1905, kuma a cikinsa ya jera matakai daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 10, fari fat. Har yau masu fenti da masu binciken ƙasar noma suna amfani da shi. Sabon ɗalibi ba zai iya goma ba, biyar muke yi: fari, toka mai haske, toka ta tsakiya, toka mai duhu, baƙi. A ja gida biyar a jere, a cike su, tazarar kowane gida da na kusa da shi ta zama daidai a ido. Ga shi da sauƙin faɗi. A zagayen farko yawancin aji za su kawo fari guda, sai toka uku da ba a iya rarrabewa, sai wani abu da suke kira baƙi wanda bai wuce toka ta tsakiya ba. Tsoron duhu ne, suna ganin in suka danna hannu za su ɓata takarda. Akwai kuma dalili a halittar ido. Tokar da muke gani a tsakiyar fari da baƙi ba rabin haske take maidowa ba, wajen kashi 18 cikin 100 ne kawai, shi ya sa masu ɗaukar hoto suke auna haske da kati mai wannan adadi. Wato matakin tsakiya yana cin gawayi fiye da yadda hannu yake zato.

Kayan aiki ma suna da nasu laifin. Fensirin da yaro yake zuwa da shi HB ne na rubutu, wanda ko an goga shi har takarda ta huje ƙyalli zai yi, ba zai yi baƙi ba. Akwai 2B da 6B a shagunan kayan makaranta na Sabon Gari, amma ba kowane uba ne zai saya ba, kuma ba na son darasi ya tsaya a kan aljihu. Gawayin murhu ya wadatar, in an zaɓi mai taushi wanda yake baje wa a yatsa. Takarda kuwa, cikin kwalin kaya mai ruwan ƙasa, irin wanda ake zubarwa a Kasuwar Singa, ya fi farar takarda amfani a wannan mataki. Shi da kansa matakin tsakiya ne: gawayi ya sauka ƙasa zuwa duhu, allin aji ya hau sama zuwa haske, yatsa ko tsumma ya sasanta tsakani. Wanda kuma yake son ya ga tsanin nan a hannun masana, marinar Ƙofar Mata ba ta da nisa da Fagge. Marini yana tsoma zane a baba, ya ɗaga ya sha iska, ya sake tsomawa. Kowace tsomawa mataki ce, daga ruwan sararin sama har zuwa shuɗin da ya kusa zama baƙi, kuma duk a rami ɗaya.

Ranar tulu ita ce ranar da na fi so a zangon. Na fi son tulu a kan butar roba saboda yumɓu ba ya ƙyalli, haske yana kwanciya a jikinsa a hankali. A rufe tagogi, a bar ƙofa ɗaya a buɗe, a ɗora tulun a kan tebur kusa da ita. Kowa zai fara da zagaye shi da baƙin layi, sannan ya cike cikin. Sai in tsaya kusa da tulun in ce, "Wani ya taso ya nuna mini layin nan a jikinsa." Babu. Abin da yake akwai shi ne wurin da hasken tulu ya ƙare duhun bango ya fara, a ɗaya gefen kuma inda duhun tulu ya ƙare hasken bango ya fara, har da wani ɗan wuri da su biyun suka zo daidai, bakin tulun ya ɓace gaba ɗaya. Sai mu bi jikinsa daga ƙofa zuwa ciki. Ga kafaɗar da ta fuskanci haske. Ga inda cikin tulun ya fara juya baya, haske yana zamewa. Ga wata ɗamara mai duhu da ta sauko daga wuya zuwa gindi, kuma abin lura, ba a can bakin tulun take ba, ta ɗan shigo ciki. Bayanta duhun ya ɗan sassauta, domin tebur da bango suna maido da haske. Sannan inuwar da tulun ya jefa a kan tebur, wadda ta fi kauri a daidai inda gindinsa ya taɓa katako, tana yin laushi yayin da take nisa.

Wannan hasken da ake maidowa shi ne yake ba zane cika, shi ne kuma ɗalibai ba sa yarda da shi sai sun gani. Nakan kira wani mai farar riga in ce ya matso da hannun rigarsa kusa da gefen inuwar, kada ya taɓa. Cikin tulun ya ɗan waye. Ya janye hannu, duhu ya dawo. "Kai! Malam, a sake." Daga ranar kuma sai su wuce gona da iri, su riƙa sa alli a wurin har ya yi gogayya da gefen haske, tulun ya baje ya koma faifai. Ƙa'idar da nake sa su riƙe ita ce, mafi hasken wuri a cikin inuwa bai kai mafi duhun wuri a cikin haske ba.

Littattafan zane da muke samu an rubuta su ne a ƙasashen da rana take ratsowa a karkace. Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, kuma wajen ƙarshen Afrilu da cikin Agusta rana takan tsaya a tsakar ka sosai, mutum ya taka inuwarsa. A irin wannan haske idanu suna komawa ramuka, bango ya rasa fuska. Don haka aikin waje da hantsi muke yinsa ko bayan La'asar. Duk ɗalibin da ya yi fiƙihu a Islamiyya ya san lokacin La'asar yana shiga ne idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da 'yar inuwar da ta rage a tsakar rana. Wannan kuwa kusan ita ce karkatar hasken da littattafan suke cewa a nema. Idan na faɗi haka sai in ga fuskoki sun saki, domin an taɓo abin da suka riga suka iya.

Akwai maganar da ba a tsallake ta a ajin zane a Kano, ita ce ta surar mai rai. Wasu iyaye da ɗalibai suna ƙyamarta saboda addini, malamai kuma sun yi bayani a kai, ni ba mai ba da fatawa ba ne. Ban taɓa tilasta wa kowa ba, kuma babu buƙata. Duk abin da ke cikin wannan babi ana koyonsa da tulu, da ƙwarya, da faifai, da zankon soro, da inuwar lungu. Allon zayyana da ake yi wa mai sauka ba shi da surar komai, amma wanda ya iya shi ya san inda zai cika da tawada da inda zai bar katako ya huta, ilimin da muke nema ke nan.

Waɗanda za su ci gaba zuwa zanen fuska ko ɗaukar hoto, a situdiyo ko a masana'antar fim, suna da wani aiki na daban: baƙar fata cikin farar riga a ƙarƙashin ranarmu. Sabon hannu ko dai ya shafe fuskar da baƙi bai ɗaya, ko ya ji tsoro ya bar ta fayau. Baƙar fata tana da matakai masu yawa, tana kuma ɗaukar hasken sama a goshi da karan hanci da ƙashin kumatu fiye da yadda farar fata take nunawa. A nan kamannin mutum suke. Kamfanin Kodak ya shafe shekaru, tun daga shekarun 1950, yana daidaita injinan wanke hoto da katin da ke ɗauke da hoton Baturiya, shi ya sa a tsofaffin hotuna masu launi da yawa ake ganin riga tas, fuska kuwa sai idanu da haƙora. Amma Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, da hasken tsakar gida ya ɗauki dubban hotuna marasa launi, kuma a cikinsu fata da shadda da zanen bayan mutum kowanne yana zaune a matakinsa. Ina nuna wa ɗalibai su domin abin da nake gani a banonin biki yau yana damuna: an wanke fuskar amarya da kwamfuta har an share duk inuwar da ta sa ta zama ita.

Hunturu ma malami ne. Daga saman bene a Fagge, ranar da hazo ya sauka, rufin da ke kusa baƙi ne sosai, na bayansa toka, Dutsen Dala kuwa da ƙyar ya fi sama duhu. Leonardo da Vinci ya yi rubutu a kan yadda iska take dusashe abin da ke nesa. Mu daga Disamba zuwa Fabrairu a ƙofar gida muke samunsa.

Tsarin zane yana shigowa ne tun ranar tulu, ko da ba a ambace shi ba. Ka zaga aji ka duba: kusan kowa ya dasa ɗan ƙaramin tulu a tsakiyar takarda, fili ya kewaye shi ta ko'ina, inuwarsa kuma ta rasa wurin zuwa. Ba wanda ya zaɓi haka, hannu ne ya je inda ya fi jin aminci. Maganin da na samu shi ne in shigo da babbar riga mai aska takwas in shimfiɗa ta a kan tebur. Aikin bai zauna a tsakiya ba. Ya taru ne a wuya da kan aljihu ta hagun mai riga, asake suna saukowa da tsininsu, sai tambari ya tsaya shi kaɗai a ɗaya gefen, sauran yadin kuwa fili ne fetal. Duk da haka ba wanda ya taɓa cewa rigar ta karkace. Nauyin aiki mai yawa a gefe guda, da'ira guda da faɗin fili suka tare shi a ɗaya gefen. Kuma maɗinkin ya san za a naɗe hannun riga a kafaɗa, ya san abin da zai fito da abin da zai ɓuya. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi shekaru yana nazarin wannan ɗinki, ya kuma shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976. Mu da muke sa rigar ranar Juma'a mun fi kowa cancantar mu karance ta.

Aikin da yake biyo baya ƙanana ne. Kowa ya yanke taga mai kusurwa huɗu a jikin kwali, mu fita. A miƙa hannu da tagar, a rufe ido ɗaya, a matsa da ita sama da ƙasa har abin da ke ciki ya zauna. Rumfunan 'Yankura da safe, inda inuwar buhu take yanka tarin tumatir gida biyu. Hasumiyar Masallacin Juma'a na Fagge ta tsakanin wayoyin lantarki. Barandar tsofaffin benayen Sabon Gari. Kowane gani a zana shi a fili da bai wuce kwalin ashana ba, da baƙi da fari kawai, babu toka. Duk abin da ya fi matakin tsakiya duhu ya zama baƙi, saura a bar shi fari. A yi da yawa, a jera, a ja da baya a duba. A wannan girman ba a iya ɓuya a bayan ƙawa. Idan gungun baƙi da na fari ba su yi kyau ba, babban zanen ma ba zai yi ba, ko an kwana ana shafa shi. A nan ne ɗalibi yake gano da kansa cewa ido yana fara sauka ne inda mafi haske ya haɗu da mafi duhu, don haka abin da yake son a fara gani, can zai kai shi. Arthur Wesley Dow ya koyar da wannan hanya a Amurka a littafinsa na 1899, bayan ya daɗe yana nazarin zanen Japanawa, kuma Johannes Itten ya sa darasin haske da duhu a farkon karatun makarantar Bauhaus da aka buɗe a Jamus a 1919. Ana kuma yawan koya wa yara su raba takarda uku tsaye uku kwance su ajiye abu a mahaɗa. Ba laifi a matsayin abin da zai fitar da su daga tsakiya, amma ba na bari ya zama doka, don aska takwas ba ta bi shi ba.

Wani abu da na lura da shi, ban kuma gan shi a littafin koyarwa ba: ɗaliban da suka daɗe a makarantar allo sukan shiga hoto ta dama, waɗanda boko ya fi rinjaya ta hagu. Mai tsara allon talla a garin da ake karatu ta fuska biyu ya kamata ya san da wannan. Irin wannan lura da abin da ke gida shi ne tunanin da ɗaliban zane na Zariya suka yi a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, lokacin da suka kafa ƙungiyarsu suka ce za su karɓi dabarun da Turawa suke koya musu amma su gina a kan fasahar gida.

Yawancin ɗalibaina ba ɗakin baje koli za su ƙare ba, shagon buga bana za su, kuma sana'a ce mai albarka. Sabon Gari ta daɗe da ita. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka unguwar a 1913, masu ɗaukar hoto da maɗaba'a da masu rubuta allon shago suka biyo baya. Gidan silima na Rex ya buɗe a 1937, daga baya El Dorado da Plaza, fastocin finafinan Indiya suka cika bango. Mai rubuta allo na wancan zamani da gwangwanin fenti biyu ko uku yake aiki saboda tsada, dole ta sa ya iya haske da duhu: farin harafi a kan baƙi ko shuɗi mai duhu, 'yar inuwa a gefen kowane harafi don ya taso, suna babba, sauran bayani ƙarami. Haka masu zanen bayan manyan motoci. Yau yaro yana zaune gaban CorelDRAW da launi miliyoyi kyauta, mai aiki kuma yana tsaye a kansa: "A sa hotona, a sa na maigida, a sa lambobin waya duka uku, a cike wurin nan, ai kuɗi na biya." Sai a fito da jan rubutu a kan kore. Ja da kore sun bambanta a launi, amma sau da yawa matakinsu na duhu ɗaya ne, don haka daga tsallaken titi rubutun yake narkewa. Duba lambar mota: shuɗi a kan fari, ja a kan fari, kore a kan fari, kullum mai duhu a kan mai haske. Duba baƙin rubutu a jikin rawayar Adaidaita Sahu.

Ba kwamfuta nake zargi ba, ita ma tana da maganin a cikinta. Kafin a aika aiki inji, a mayar da shi baƙi da fari a duba, ko a ɗauke shi da waya a cire launin. Abin da ya ɓace a nan, zai ɓace a titi. Mai wucewa a Bata cikin Adaidaita ba shi da fiye da ƙiftawa biyu ko uku, abu ɗaya zai ɗauka, sai a yanke shawarar wanne ne. Mai aiki kuma ba a yi masa gardama, kuɗinsa ne. A buga masa ƙanana guda biyu, nasa da naka, a manna a bango, a ja shi zuwa ɗaya gefen layin a ce, "Alhaji, daga nan wanne kake iya karantawa?" Ba kullum ake nasara ba, wani zai ce duk da haka a sa lambobin uku. Amma da yawa sukan yi shiru, su nuna da yatsa.

Wajen tsakiyar zango nake buɗe fenti, shi ma ba duka ba. Fari, da baƙi, da launi guda, galibi shuɗi, don ko bular wanki aka dama da ɗan ƙaro tana yi. Su sake tsanin nan mai gida biyar da shuɗi, su sake tulun da shuɗi. Bayan nan in ba su rawaya in ce su yi haka. Nan za su tarar rawaya ba ta sauka ƙasa: tun tana fitowa daga gwangwani tana kusa da fari, kuma da an sa mata baƙi sai ta juye ta koma wani kore mai datti. Kowane launi yana da matakin da aka halicce shi a kai, kuma daga wannan tambaya babi na huɗu zai tashi.